Masu gyaran waya ma za su iya haɗa akwatin maɓallan kiɗa

Malam Edita, assalamu alaikum, don Allah a ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu.

Magana nake so in yi kan akwatin nan mai maɓallai reras da ake gani gaban masu haɗa kiɗa a situdiyo, layi 8 a tsaye layi 8 a kwance, 64 kenan, kowanne ka danna ya kawo wuta. Wanda aka fi sani shi ne Launchpad na kamfanin Novation da ya fito a 2009, amma kafin shi akwai monome da Brian Crabtree da Kelli Cain suka fara fitarwa a Amurka a 2006, kuma da yake ba su ɓoye tsarinsa ba sai jama'a suka dinga haɗa nasu a gida da Arduino, wani ɗan allon lantarki da ake rubuta wa umarni, har aka sa wa irin na gidan suna Arduinome.

Shi fa akwatin ba ya fitar da sauti ko kaɗan. Saƙo kawai yake tura wa kwamfuta ta MIDI, wato tsarin aika saƙo da kayan kiɗa ke amfani da shi tun 1983, ya ce an danna lamba kaza, an saki lamba kaza, shi kenan aikinsa, manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio ko Ableton ce ke buga sautin. Kenan in ka naɗi kalangu da kotso da gurmi ka raba wa maɓallan, su za ka ji.

Inda aikin yake shi ne wayoyi. Ba za ka ja wa kowane maɓalli wayarsa ba, ina, sai dai ka haɗa su layi-layi, waya 8 ta nan 8 ta can, 16 sun riƙe 64, sai Arduino ya dinga bin layukan ɗaya bayan ɗaya da gudu yana duba wanda aka taɓa. Amma dole kowane maɓalli a liƙa masa dayod ɗinsa, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, 1N4148 ɗin nan mai araha, in ba haka ba ka danna uku lokaci guda sai na huɗu da ko taɓa shi ba ka yi ba ya amsa, kuma a kula da baƙin zoben jikin dayod ɗin, duk su kalli gefe guda. Sannan maɓalli in an danna shi ƙarfen ciki yana ɗan rawa kafin ya zauna, sai ganga ta buga sau biyu, maganinsa a cikin kod ne, wato umarnin da ake rubuta wa Arduino, ka ce ya ɗan jira kamar milisakan 5 kafin ya yarda. Fitilu kuwa IC ɗin da ke kunna su, MAX7219, guda ɗaya ya ishi 64.

Cikin nau'o'in Arduino a nemi Leonardo ko Pro Micro, su kwamfuta ke gane su kai tsaye ta USB a matsayin kayan MIDI, Uno sai an sha zagaye. Kuma shawarata mai farawa ya tsaya a 4 sau 4 tukuna, waya 8 kacal. Maɓallan roba masu laushi su ne wahalar samu gaskiya, ƙananan nan masu ƙas-ƙas irin na gaban tsohuwar DVD suna yi, sai dai ba sa gane bugu mai ƙarfi da mai sauƙi kuma yatsa na gajiya.

To Malam Edita, yaron da ke zaune a kasuwar waya ta Farm Centre yana canja wa waya wurin caji, abin da sai ka ƙura ido kafin ka ga ƙafafunsa, liƙa dayod 64 da dalma ai wasa ne a wurinsa, kod ɗin ne kawai ba wanda ya nuna masa. Shi ya sa nake roƙon malaman kwalejojin fasaha su sa wannan cikin aikin da ɗalibai ke yi a ƙarshen zango, su kuma masu situdiyo su ba yaran nan oda ko guda ɗaya su gwada.

Naku,
wani mai karatu daga Kano