Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Sufurin Jiragen Sama, Festus Keyamo, kan Albashin Matuƙan Manyan Jirage

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan albashin matuƙanmu idan sun tashi daga ƙaramin jirgi suka koma babba, maganar da ta makara ana ta murnar samun manyan jiragen.

Ba na musun aikin da ka yi. Tun da ka karɓi wannan ma'aikata a watan Agustan 2023 kake fafutukar ganin kamfanoninmu sun samu hayar jirage cikin sauƙi, har aka sa hannu kan ƙa'idojin aiwatar da Yarjejeniyar Cape Town, wadda ke kare haƙƙin masu ba da hayar jirage, a watan Satumbar 2024, kuma kowa ya ga farin cikin da aka yi ranar 30 ga Maris na shekarar, da Air Peace ya fara jigila daga Legas zuwa Landan. Sai dai cikin manufofi biyar da ka shelanta da bakinka akwai bunƙasa ƙwarewar ma'aikata, kuma ita ce nake tuna maka, domin jirgi ba ya tashi da takardar haya.

Ranka ya daɗe, matuƙin Boeing 737 da ke kai fasinjoji ɗari da 'yan kai daga Abuja zuwa Kano cikin ƙasa da awa guda, da matuƙin Boeing 777 da ke ɗauke da rayuka fiye da ɗari uku yana ratsa Sahara cikin dare na tsawon awa shida ko fiye, nauyin da ke wuyansu ba ɗaya ba ne. Kafin a ba shi wannan kujera sai ya sake zama ɗalibi, ya samu shaidar ƙwarewa ta wannan samfurin jirgi shi kaɗai, sannan duk bayan 'yan watanni ya koma cikin na'urar kwaikwayon tuƙi a kashe masa inji ɗaya, a tayar masa da gobara, a ga yadda zai sauko da jama'a lafiya. Kwalejin Zariya, wadda aka kafa a 1964 kuma ke horar da matuƙa, na'urar 737 gare ta. Mai neman 777 sai ya fita waje, kuma da dala ake biya. Idan kamfani ne ya biya masa, a al'adar wannan sana'a yakan ɗaure shi da yarjejeniyar shekaru, wadda in ya karya sai ya mayar da kuɗin. Mutumin da aka ɗaure haka, da wane ƙarfi zai zauna shi kaɗai gaban mai kamfani ya nemi ƙari?

Shi ya sa a ƙasashen da harkar ta kafu ƙungiya ce ke yin wannan ciniki. A manyan kamfanonin Amurka, kuɗin awa guda na kyaftin da na mataimakinsa a rubuce yake ga kowane samfurin jirgi, kowa ya san abin da zai samu ranar da ya hau babba. A Ostireliya, da kamfanin Qantas ya zaɓi Airbus A350 a ƙarshen 2019 don tafiya daga Sidni zuwa Landan ba tare da yada zango ba, bai yi odar jiragen ba sai da aka gama da matuƙa. An yi ta ja-in-ja, har kamfanin ya yi barazanar ɗauko wasu daga waje, amma a watan Maris na 2020 aka kaɗa ƙuri'a, kashi 85 cikin ɗari suka amince. An kammala maganar albashi tun jirgin bai bar masana'anta ba.

Mu kuwa mun saba jira sai wuta ta kama. Ba sai na ba ka labarin Agustan 2020 ba, domin a lokacin kai ne Ƙaramin Ministan Ƙwadago. A wata guda Air Peace ya sallami matuƙa kusan 70 ana cikin taƙaddamar albashi, kamfanin jirage masu saukar ungulu na Bristow ya sallami matuƙa da injiniyoyi kusan 100 ana cikin yajin aikin ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jirage ta NAAPE, wadda ke kukan cewa ana fifita baƙi a kan 'yan ƙasa wajen biya. Sai da magabacinka Hadi Sirika ya sa baki kafin aka yi alkawarin mayar da wasu. An kashe wutar wannan rana, amma daga watan Yunin 2023 zuwa 2024 Naira ta faɗi daga wajen 460 zuwa sama da 1,500 a kan dala guda, wato matuƙin da ake biya da Naira ya ga albashinsa ya narke, alhali baƙon da ke zaune a kujerar gefensa yana karɓar dalarsa cif.

Wannan ne ke tayar mini da hankali. Kyaftin ɗin da ya ƙware a babban jirgi ba ya rasa mai nemansa a Dubai ko Doha. Idan ya tafi, kamfani zai koma hayar jirgi haɗe da matuƙansa, kuɗinmu su bi su waje, yaran da iyayensu suka sayar da gonaki don karatun Zariya su ci gaba da zaman jiran aiki. Mu da alhazanmu ke cika manyan jirage daga Kano da Sakkwato zuwa Saudiyya kowace shekara, muna son wanda ke gaba ya kasance hankalinsa na kan aikinsa.

Na san kamfanoni ma suna kuka da tsadar mai da kuɗin ruwan banki, kuma ba na cewa gwamnati ta yanka wa kowa albashi. Roƙona shi ne ka tara NAAPE da ƙungiyar masu kamfanonin jirage ta AON da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA a teburi ɗaya, su fito da rubutaccen mizani: abin da za a biya bisa girman jirgi, yadda za a kare albashin daga faɗuwar Naira, iyakar shekarun da za a ɗaure wanda aka horar, da wa'adin da baƙon kyaftin zai miƙa kujera ga ɗan ƙasa. Kai babban lauya ne, ka kuma zauna a teburin sulhu da ƙungiyoyin ƙwadago kusan shekara huɗu, don haka ba wanda zai koya maka yadda ake kiran irin wannan zama. Don Allah ka sa masa rana, ka sanar da ita a bainar jama'a kafin rukunin jirage na gaba ya sauka.

Naka,
Wani ɗan ƙasa daga Kano