Zuwa ga ɗiyata a Yamai, kan matan da aka ba ki amanarsu

Assalamu alaikum ɗiyata,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gidan kawunki. Mu nan Tawa lafiya lau, sai sanyi da ƙura. Babanki yana gaishe ki, amma bai san abin da ke cikin takardar nan ba.

An nuna mini wani hoto a waya. Ke ce tsaye a tsakiya, mata zaune kan tabarmi kewaye da ke, a bayanku ga allon ƙungiya da jan ƙyallen sida. Wadda ta nuna mini da murna ta nuna, wai ɗiyata ta zama babbar mace a Yamai. Ni kuwa fuskoki nake dubawa. Uku ana ganinsu sarai, ɗaya har da goyo. Hoton da ya iso Tawa ya riga ya isa Konni da Madawa, ya shiga wayar 'yan ci-rani a Abijan da Libiya. Wa ya ba ki izini? In kin ce sun yarda, to matar da kuka ba kuɗin taksi da kwanon abinci, ta yaya za ta ce miki a'a a gaban jama'a?

Lokacin tafiyarki an yi ta cewa ƙyamar masu ciwon sida ce ta sa na yi gardama. Allah ya sani ba haka ba ne. Wadda ta tsufa a ɗakin haihuwa ba ta ƙyamar jinin kowa. Abin da na ji tsoro shi ne bakinki da wayarki, don na san ki da son mutane da saurin sakin jiki. Abin da ya sami gwaggonki kuwa ba sai na tuna miki ba.

Ki fahimci yadda ɓarnar ke tafiya. Maganin kyauta ne a likitocin gwamnati, kuma yau ƙwaya ɗaya ce a rana, haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Matar da ta riƙe shi kullum, idan aka auna yawan ƙwayar cutar a jininta bayan wata 6, galibi za a tarar ta kwanta. A sake awo a wata na 12, daga nan shekara-shekara. Wadda ƙwayar ta kwanta mata har awo bai ganinta ba ta sa wa mijinta ta hanyar kwanciya, ta yi kasuwancinta, ta aurar da 'ya'yanta. Amma ranar da kishiya ko uwar miji ta ji labari, abu na farko da matar ke yi shi ne ta daina zuwa karɓar magani, don kada a gan ta a layi. Na biyu ta jefar da kwalbar a masai. Cikin 'yan makonni ƙwayar ta taso. In tana sha tana bari, yawan ƙwayar cutar a awon jini ya haura 1000, wata rana maganin ya daina yi mata aiki. Sai tari, sai zawo, sai rama. Mutane su ce ciwo ya kashe ta, alhali magana ce ta kashe ta, kuma magana zarar bunu ce.

Idan mai ciki ce ko mai shayarwa, rai biyu kika taɓa. Ba tare da magani ba, cikin jarirai 100 na uwaye masu cutar, 15 zuwa 45 suna kamuwa, a ciki ko wurin haihuwa ko a nono. Da magani adadin bai kai 5 ba. Wannan mai goyon da ke cikin hotonki, kin san ko mijinta ya sani? Kin san ko an ɗauki jinin yaron? Da kin yi wa kanki tambayar nan da ba ki tsaya an ɗauka ba. Na yi miki tarbiyyar da ta fi wannan, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

To, abin da ya wuce ya wuce. Ki sa a goge shi duk inda hannunki ya kai, ki je ki sami matan nan uku ɗaya bayan ɗaya, a keɓe, ki gaya musu gaskiya, ki ji abin da kowace ke so a yi in magana ta taso a gidanta.

Daga yau kuma ga yadda ake aikin. Ranar farko da mace ta shigo hannunki, kafin ki tambaye ta komai, ki tambaye ta wa ya sani, kuma ta wace hanya take so a neme ta in ta yi fashin ranar karɓar magani. Lambar da ta ba ki, ki tambaya ta wace ce, don sau da yawa wayar miji ce ko ta ɗan maƙwabta. Kada ki rubuta saƙo mai sunan magani ko na likita. Ku shirya abin da za ki ce in wani ya ɗauka, ko ke 'yar adashensu ce, ko mai kawo mata turare. In za ki gidanta, ba rigar aiki, ba jaka mai tambari, ba motar ƙungiya a ƙofar gida. A littafinki lamba za ki sa, ba suna ba, kuma littafin ya kwana a kulle a wurin aiki, ba a ɗakinki da 'ya'yan kawunki ke shiga ba. In kun haɗu a kasuwa ko gidan biki, ki bari ita ta fara gaishe ki. In ta kau da kai, ki wuce, ba raini ba ne.

Gaya wa miji ba aikinki ba ne, komai ganin da kike yi cewa ya kamata ya sani. Naki shi ne ki shirya ta. Ki fara sanin ko mai duka ne, ko akwai inda za ta in ya kore ta. Hanya mafi sauƙi ita ce a gayyace shi awo tare da ita, musamman lokacin awon ciki, malamin likita ya yi musu bayani su biyu. A gidan da ke da kishiyoyi kuwa a bi a hankali, don wadda aka fara ganowa ita ake ɗora wa laifi, ko da maigidan ne ya dawo da shi daga ci-rani.

Akwai ƙananan abubuwa da ke ɓata magani, ki riƙa tambaya. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki, da maganin ƙwannafi, suna kama dolutegravir a ciki su hana shi shiga jini. Ta sha maganinta awa 2 kafin su ko awa 6 bayansu. Farar ƙasar da masu ciki ke ci ma su bar ta. Wadda aka sa wa maganin tarin fuka mai rifampicine tana buƙatar ƙarin dolutegravir bayan awa 12, don haka likitocin biyu su san da juna. Da azumi ba a ajiye magani, a mai da shi sahur ko bayan buɗa baki. Mai tafiya gida ko ƙauye ta nemi na wata 3 ko fiye tun kafin ta tashi.

Jariri kuma ana ɗiga masa ruwan nevirapine, maganin kare shi daga kamuwa, da sirinji kullum, aƙalla mako 6. A mako na 6 a ɗan soki dugadugansa a ɗiga jini kan takarda don awon farko, a fara ba shi cotrimoxazole, maganin kare shi daga wasu cututtuka. Ba a cewa ya tsira sai an yi awon ƙarshe, a wata 18 ko wata 3 bayan yaye, wanda ya fi jinkiri a cikinsu. Wata 6 na farko nono zalla. A nan ne rigima take, don kaka za ta kawo ruwa da rubutu da bauri, kuma gauraya nono da wasu abubuwa a wannan lokacin na ƙara haɗarin kamuwa. Ki koya wa uwar ta ce umarnin likita ne ga kowane jariri, kuma gaskiya ce, ba ta yi ƙarya ba.

Ina jin daɗin adashen da kuka kafa. Yawancin masu fashi kuɗin taksi ne ya hana su, ko yunwa. Ku ware wani abu a asusun don kuɗin mota kawai, kada a taɓa shi don biki. Amma kada a sa wa adashen sunan ciwon, ku shigar da wasu matan unguwa ciki. In an kori mace daga aiki ko an tona mata asiri, akwai dokar 2015 kan sida da ta hana wariya da fallasa sakamakon awo, kuma mutanen RENIP+, ƙungiyar masu ɗauke da cutar a Nijar, sun san ƙofofin da ake bugawa. Sai dai ko ƙara za a kai, ita za ta ce a kai. Masu fitowa rediyo da talabijin su faɗi halin da suke ciki sun yi jarumta, Allah ya saka musu, amma su suka zaɓa da kansu bayan sun shirya gidajensu. Kada ki tura kowa gaba don masu ba da tallafi suna son ganin fuska.

Ɗiyata, na yi miki faɗa don na san za ki iya. Kawunki ya ce matan suna ƙaunarki, har da dare suna kiranki, kuma hakan ya sanyaya mini rai. Ki riƙa cin abinci, ki riƙa barci. Nauyin da kika ji ya yi miki yawa ki kai wa shugabar aikinku, ba ƙawayenki ba, ni ma kada ki faɗa mini sunan kowa.

Na ba direban da kika sani kilishi da albasa ya kawo miki, rabi na matar kawunki ne. Ki kira ni ranar Juma'a bayan la'asar ki gaya mini yadda kuka yi da matan nan uku. Allah ya yi miki albarka, ya rufa miki asiri duniya da lahira.

Innarki