Wasiƙa ga abokan cinikinmu kan ɗaukewar intanet da damina

Assalamu alaikum, 'yan uwa abokan cinikinmu na Kaduna da kewaye.

Damina ta kankama, kiranku kuma ya ƙaru: da hadari ya taso daga gabas sai intanet ya yi sanyi ko ya ɗauke. Muna so ku iya bambance ɗaukewar da ruwa ya jawo da wadda gyaranta ke wuyanmu.

Dish ɗin da muke kafa muku yana karɓar sigina daga tauraron ɗan'adam a zangon mitar rediyo da ake kira Ku, wajen gigahaz 11 zuwa 12 (gigahaz ma'aunin mitar sigina ne). Daga gigahaz 10 zuwa sama, ɗigon ruwa kan shanye wani ɓangare na siginar, ya watsar da wani. Zangon Ka, mai gigahaz 20 zuwa 30, ya fi jin jiki. Zangon C kuwa ruwa bai cika damunsa ba, sai dai dish ɗinsa ƙato ne, ba kowane gida zai ɗauka ba.

Abin da muke lissafawa shi ne ƙarfin zubar ruwa, wato milimita nawa a awa ɗaya. Yawan ruwan shekara ba shi ne ma'auni ba. Markar Agusta da ke wuni tana yayyafi da wuya ta taɓa sigina. Ruwan minti goma kamar da bakin ƙwarya shi ke kashe ta. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, tana da ƙiyasin ƙarfin ruwan da ba a wuce shi sai a kashi 0.01 cikin ɗari na shekara, kimanin minti 53 ke nan. Da irin wannan ƙiyasi ake zaɓen girman dish da rarar ƙarfin da za a bar masa. Amma jimillar shekara yake faɗa, ba ya faɗin rana. Hasashen damina na hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ma ba zai ce ƙarfe nawa hadari zai tsaya a kan Malali ba. Wanda ya yi muku alkawarin intanet da ruwa ba ya taɓawa sam, ciniki kawai yake nema.

Wani abu da ke ɗaure wa mutane kai: sigina a karkace take saukowa, don haka ana iya tafka ruwa a wata unguwa ku rasa ta a Barnawa ƙasa a bushe.

Idan ta ɗauke cikin ruwa mai ƙarfi ta dawo da ya tsagaita, ku yi haƙuri, haka abin yake. Amma idan yayyafi kaɗai ke kashe ta, ko ruwa ya wuce ba ta dawo ba, ku kira mu. Galibi iska ce ta karkatar da dish, ko ruwa ya shiga mahaɗar waya, ko reshen mangwaro ya tare gabansa. Don Allah kada a tura yaro kan rufi, kuma in ana tsawa a cire na'ura daga wuta.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.

Naku,
Ma'aikatan shago