Binciken yaƙin Iraƙi: ina amfanin shaidar da ba a rantsar ba?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan batun kafa dokar da za ta wajabta bincikar duk gwamnatin da ta jefa ƙasarta cikin yaƙi. Ina goyon baya, kuma Birtaniya ce hujjata.

Ranar 18 ga Maris 2003 majalisar dokokin ƙasar ta amince da yaƙin Iraƙi, ƙuri'a 412 a kan 149. Sai a 2009 firaministan lokacin, Gordon Brown, ya naɗa kwamitin binciken yaƙin ƙarƙashin John Chilcot, da farko ma a asirce ya so a zauna, sai da aka yi masa ca. Rahoton bai fito ba sai 6 ga Yuli 2016, kalmomi kusan miliyan 2.6. Wa ke da wannan haƙurin karatu? Tony Blair kuwa, firaministan da ya kai ƙasar yaƙin, tun 2007 ya sauka.

Ba na raina aikin Chilcot. Ya ce an tafi yaƙi tun ba a ƙure hanyoyin sulhu ba, an kuma zuzuta batun makaman ƙare dangi fiye da yadda hujja ta kai. Ya bankaɗo saƙon da Blair ya aika wa George Bush, shugaban Amurka na lokacin, a Yulin 2002, cewa yana tare da shi ko ta halin ƙaƙa. Amma ga inda gizo ke saƙa: Birtaniya na da dokar bincike ta 2005 mai ba da ikon tilasta kawo shaida da rantsar da mutum, sai ba a kafa kwamitin a ƙarƙashinta ba. Ba wanda ya rantse. Babu alƙali cikin mambobin, ba su kuma yanke hukunci kan halascin yaƙin ba. A ƙasar Holan kuwa tsohon alƙali Willibrord Davids aka ba irin wannan aikin bincike, a 2010 ya faɗa ƙarara cewa ƙuduri mai lamba 1441 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar kan makaman Iraƙi bai isa izinin mamaya ba.

Ita ma dokar 2005 ɗin minista ne ke ganin dama ya kafa bincike. An ba kura ajiyar nama ke nan. A rubuta a doka: bincike dole ne, majalisa ta zaɓi mambobi, a rantsar da shaidu, a yanka wa'adi. Iyalan sojojin Birtaniya 179 da suka mutu shekara bakwai suka yi suna jiran Chilcot, balle 'yan Iraƙi da aka yi yaƙin a tsakar gidansu.

Na gode.

Mai karatunku na kullum.