Zuwa ga Malamin da Ya Tambaye Ni a Rediyo

Assalamu alaikum, Malam.

Ban san sunanka ba, amma daga muryarka na gane ka girme ni, don haka ina gaisuwa. Ranar 1 ga Disamba, ranar da aka ware don cuta mai karya garkuwar jiki, ina cikin shirin rediyo ka bugo waya ka ce: "Hajiya, ku da kuke ba 'yan luwaɗi magani kuna rufa musu asiri, ba taya su saɓo kuke yi ba? Me ya hana ku miƙa su Hisba?" Kafin in buɗe baki mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure. Tun ranar ban huta ba, a gidan biki a tare ni, a Islamiyya a tare ni, wai da an bar ni me zan ce. To ga shi a rubuce.

Fatawa ba fagena ba ce. A cikin badala aka haife ni, na yi allo, na yi Islamiyya, abin da malamai suka faɗa a kan wannan al'amari ban jahilce shi ba. Sana'ata jinya, na haura shekara ashirin ina yi, kuma daga ɗakin da nake zama zan ba ka amsa.

Wasu shekaru da suka wuce aka turo min wani saurayi a keken marasa lafiya. Na sauya kamanninsa, kada ka wahalar da kanka da canka. Ya rame ya zama kamar sillen kara, tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, bakinsa duk farin kumfa. Yayyensa suka ce shawara ce da taifot, sun gama da kemis da masu jiƙe-jiƙe. Da na fitar da su na rufe ƙofa, sai ya ce, "Anti, na san abin da ke damuna, shekara biyu ke nan." Ashe ya taɓa zuwa wani asibiti, aka gwada, aka samu. Ma'aikaciyar ta tambaye shi ta ina yake jin ya ɗauka, shi kuma ya faɗi gaskiya. Sai ta ajiye biro, ta leƙa waje ta kira abokiyar aikinta: "Zo ki ga mutanen Annabi Luɗu." Mutanen da ke kan benci duk suka ɗago kai. Ya fita bai karɓi ko ƙwaya ɗaya ba, bai sake taka ƙofar asibiti ba sai ranar da aka turo shi.

Kwanansa tara a wurinmu, tarin fuka ya riga ya cinye huhun. Ya bar mata da ciki wata biyar. Muka gwada ta, ita ma tana ɗauke da ita. Yarinya ce, ko ashirin ba ta kai ba, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Allah Ya taimake mu muka ɗora ta kan magani da wuri, jaririn ya fito lafiya.

Malam, waccan ma'aikaciya ɗan kaɗan ta yi daga abin da kake so mu yi. Ban ga ta hana saɓo ba. Abin da na gani gawa ce da bazawara.

Ka ce mu miƙa su. Ka san garin nan, magana ba ta kwana. In na miƙa mutum ɗaya ranar Litinin, kafin la'asar labarin ya zaga Kwari da Kurmi da Sabon Gari, ranar Talata bencin asibiti wayam. Kuma ba su kaɗai za su gudu ba. Alhajin da ke zuwa a ɓoye, da bazawara, da direban tirela, da uwar da ke karɓa wa ɗanta, kowa zai ce ashe bakin malaman asibiti ba ya rufuwa. Ba hasashe nake yi ba. A watan Janairun 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga masu ƙungiya ko taro. Wani bincike da ake yi a Abuja a lokacin ya nuna cewa a cikin maza masu neman maza, masu tsoron zuwa asibiti sun tashi daga 25 cikin 100 zuwa 38. A wannan shekarar dai shugaban ya sa hannu a wata doka da ta hana nuna wariya ga masu ɗauke da cutar da tona asirinsu. Ita ce ta hau kaina, ita da amanar da na ɗauka ranar da na sa farin kaya.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da cutar a Najeriya. A cikin waɗannan maza kuwa, kimanin 13 cikin 100 ne a 2007, ya kai kusan 23 a 2014, a binciken 2020 ya zama ɗaya cikin huɗu. Wurin da wuta ta fi ci, nan kake cewa a ɗauke bokiti.

Kuma ba a wata unguwa daban suke zaune ba. A Kano wa ke barin namiji ya tsufa a gwauro? Iyaye za su matsa, a kai kuɗi, a ɗaura. Da yawansu magidanta ne, wasu da mata biyu. Dokar gwaji kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024 ta yi, na yaba. Sai dai takardar shaidar rana ɗaya ce, wanda ya ɗauka cikin 'yan makonnin nan gwajin na iya tsallake shi, aure kuwa shekaru ne. Abin da ke kare matar shi ne mijin ya riƙa shan ƙwaya ɗaya kullum. In ya dage, cikin kamar wata shida ƙwayoyin cutar su ragu a jininsa har na'ura ta kasa ganin su, kuma muddin sun yi ƙasa da 200 a gwajin jini ba ya sa wa kowa ta hanyar kwanciya. Maganin kyauta ne tun 2006.

Amma kada in ɓuya a bayan matan, in yi maka wayo. Ko ba shi da mata, ko ba wanda zai sa wa, zan ba shi. Uwa ce ta haife shi, kuma rai ne. Mai shaye-shaye in hantarsa ta kumbura muna duba shi. Ɗan daba in an saro shi muna ɗinke shi, ba mu tambayar wa ya fara zare wuƙa. Kai ka fi ni sanin hadisin matar banzan da ta shayar da kare ruwa da takalminta aka gafarta mata, da hadisin wanda ya suturta Musulmi, da ayar Hujurat da ta hana bin diddigin asirin mutane. In ma tuba kake so ya yi, ai sai da numfashi.

Da za ka zauna kusa da ni yini ɗaya, da ka ga yadda tsoro ke wahalar da bawan Allah. Wani yana karɓar robar maganin zai ɓare takardar jikinta tun bai fita ba, ya juye ƙwayoyin a kwalbar maganin hawan jini. Wani daga Kano yake hawa mota zuwa Zariya ko Dutse don kada ya haɗu da idon sani, watan da babu kuɗin mota sai ya tsallake, kuma tsallaken ne ke koya wa cutar taurin kai. Wani zai zo yana cewa basir, basir, alhali ciwon sanyi ne a wurin da ba zai iya faɗa ba, sai na yi kamar ina rubutu na kau da ido kafin ya iya magana. (Takunkumin zamanin korona ya yi musu rana, har yau wasu ba su cire ba.) Ga kuma 'yan damfara da ke ɗana musu tarko a waya suna tatsar su, sun san ba mai kai ƙara.

Abin ya ƙara tsuke. Kaso mai yawa na kuɗin maganin daga shirin PEPFAR na Amurka yake fitowa, wanda Shugaba Bush ya kafa a 2003. Da Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025, ƙananan cibiyoyin da irin waɗannan mutane ke zuwa ba tare da an kalle su ba suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Yanzu layin kowa da kowa ya rage musu, wato gaban ni da irina. Shi ya sa nake faɗa da 'yan'uwana ma'aikata fiye da yadda nake faɗa da kai. Laifin da ya kashe wancan saurayi daga cikinmu ya fito.

Ban nemi ka sauya abin da ka yi imani da shi ba. Na ji alamar kana da majalisa, ana sauraron ka. Ka faɗa musu gwaji kyauta ne, bai wuce minti ashirin ba. Wanda ya ji tsoron ya ɗauka jiya ko shekaranjiya, ya ruga asibiti kafin awa 72 ta cika, akwai maganin kwana 28 da ke tare ta. In kai ma ka ga dama ka zo, ina nan Litinin zuwa Juma'a, zan soke maka yatsa da kaina. Abin da ya fito, daga ni sai kai.

Wassalam,
'yar'uwarka, wata ma'aikaciyar jinya a birnin Kano.