Rahoton Sakatare na Shekarar 2024 ga 'Yan Zuri'a: Maƙabartar Kufai da Sauran Ayyuka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, yayye da ƙanne, na gida da na nesa, ina gaishe ku baki ɗaya.

Cikin shekarar nan mun rasa mutum uku daga zuri'a, an je ta'aziyya a kan lokaci, Allah ya jiƙansu ya kyautata namu zuwan. Taron wata-wata an yi shi yadda aka saba, ban da na Agusta da dokar hana fita ta Kano ta hana.

Zan fara da gayyar gyaran maƙabartar kufai, tsohon mazauninmu da madatsar Tiga ta tashe mu daga shi, don tun da aka ɗora mini wannan aiki ban ga ranar da ta faranta mini rai kamarta ba. Mun sa ta ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan ƙaramar Sallah, cikin Afrilu, saboda lokacin ruwan Tiga ya ja baya, ciyawa ta bushe, mutanen birni kuma suna gida. Mota biyu ta taso daga Kano bayan asuba, matasan ƙauye suka riga mu isa a kan babura da fartanya da adda da shebur da kwanon sarki. Kafin hantsi an sare sabara da ƙayar da suka rufe gefen yamma, kaburbura suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kai kudu, ƙafa arewa. Waɗanda suka lotsa aka yi musu ciko. Akwai biyu da ruwa ya yi wa rami har itacen rufi ya fito. Tsofaffi suka matsar da yara gefe, suka gyara da hannunsu.

Abin da ya ba ranar daraja shi ne zuwan Kawu da Gwaggo. Su kaɗai suka rage cikin waɗanda aka haifa a kufai suka yi aure a can. Gwaggo ba ta shiga ba, an shimfiɗa mata tabarma a gindin tsamiya daga wajen shinge. Kawu kuwa ya riƙe sandarsa yana bin layi, ni ina biye da littafi, wani ɗanmu yana naɗar murya a waya. Ya tsaya a kan wani ɗan ƙaramin tudu mai tsingaron tukunya a gefensa ya ce nan ne farko. Duk mun ɗauka kabarin Kaka Babba, tushen zuri'armu, zai nuna mana. Ashe 'yarsa ce, jaririya, wadda ta rasu a daminar farko da suka sauka.

Yawancinku kun san Kaka Babba ya baro arewacin Kano ne a shekarar yunwar Kakalaba, wajen 1913 zuwa 1914, zamanin Sarki Abbas, shi da ƙanensa da matansa biyu da jaki. Abin da ba mu sani ba sai ranar shi ne, da mai gari ya nuna masa daji ya sara, kan tudun nan ya fara keɓewa tun kafin ya kafa rumbu, ya ce ƙasar jangargari ce ba ta riƙe ruwa, ta dace da masu kwanciya. Layi na biyu na marisuwa ne, annobar murar 1918: ƙanen nasa da uwargidansa, mako ɗaya tsakaninsu. Daga nan sai ƙananan kaburbura a jere, na yaran da agana da ƙyanda suka ɗauka, da yawansu ba a kai ga yaye su ba. Kaka Babba da kansa yana can tsakiya, ya rasu zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da kuɗin gyaɗa ya shigo gidan har aka sayi doki.

A wani wuri Kawu ya nuna kabari ya ce na mahaifiyarsu ne. Gwaggo ta ɗaga murya daga inda take: "Yaya, ba nan ba ne. Inna tana kusa da kishiyarta, ka tuna ranar ni na kai wa masu haƙa ruwa har bakin shinge." Kawu ya yi shiru, ya koma baya taku huɗu, ya duƙa ya share ƙasa da tafin hannu, sai ga dutsen niƙa a kife. Ya ce, "Gaskiyarki, ni na ɗora shi." Babu wanda idonsa bai kawo ruwa ba a wurin.

Mun ƙirga kabari 47 da ake iya gani, an gane masu 31. Na ƙarshe an yi shi gab da tashi, lokacin da ake ginin madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Gidaje da rijiya da masallaci duk ruwa ya cinye, tudun nan kaɗai ya tsira. Shekara kusan 60 kenan ana binne mutanenmu a wuri ɗaya, kuma ba mu da wata shaida a doron ƙasa cewa mun taɓa zama can sai shi. Bayan azahar liman ya ja addu'a, aka ci dambun da matan gida suka turo, dagaci ya aiko wakili. Sunayen da zanen layukan suna wurina, naɗin muryar kuma an kwafe shi a waya uku.

Yanzu katanga. Na ji ana cewa an karɓi kuɗi an yi shiru, to ga bayani. Lissafin da kuka amince da shi a ƙarshen 2023 an yi shi ne siminti na wajen ₦5,000 buhu. Kafin mu fara saye, a watan Fabrairu, ya haura ₦10,000. Kuɗin ɗaukar kaya kuwa tun cire tallafin mai a Mayun 2023 bai sake sauka ba, kuma babbar mota ba ta isa kufai, sai an sauke bulo a bakin titi an ƙarasa da amalanken shanu, an biya sau biyu. Da abin da ke hannu muka haƙa fandisho a gabas da kudu, muka ɗora layi huɗu a gabas, inda zaizaya ta fi tsanani. Ruwan Agusta da Satumba ya zo da ƙarfi, ya cike ramin kudu da yashi, sai an sake haƙa. Yamma da arewa mun dasa aguwa a matsayin shingen wucin gadi, rabi ta kama, rabi awaki da garma sun tumɓuke. Rasit na kowane buhu yana wurin ma'aji, duk mai so ya zo ya gani. Da mun ci bashi mun ƙarasa, amma kwamiti ya ƙi, kuma ina ganin daidai ne. Wa zai biya?

Ga maganar da ba na son yi amma dole. A rajista muna da magidanta 86, kuɗin wata ₦500. Waɗanda suka biya shekara cif ba su kai 20 ba, kuma cikinsu har da zawarawa biyu da wani ɗanmu mai tura baro a kasuwa. Akwai masu albashi a Abuja da Kaduna da Legas da na kira sau uku, sau huɗu, amsar ɗaya ce: "Sakatare, turo lambar asusu." Na tura, shiru. Da aka sa hotunan gayya a WhatsApp kuwa, kowa ya fito da addu'a da yabo, har da masu ba da shawarar a yi ƙofar ƙarfe. Addu'arku muna so, Allah ya karɓa, amma magini ba ya karɓar ta a madadin lada. Ni ma ina da shago da iyali, ba albashi nake ɗauka ba, kuma na gaji da bin ɗan uwana kamar mai bin bashi a kan kabarin kakansa.

Wasu sun ce sun janye hannu ne don suna gudun bidi'a. Wannan na girmama shi, shi ya sa muka kai maganar gaban liman. Ba mu gina komai a kan kabari ba, ba mu shafa siminti ba, ba mu rubuta suna ba. Dutse kawai muka aje inda babu alama, liman kuma ya tuna mana cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya aje dutse a kabarin Usman bin Maz'un don a gane shi. Shinge kuwa don hana shanu da garma taka mamata ne. Wanda wannan ne uzurinsa, ya zo mu zauna.

Takardar fili ba ta fito ba. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar riƙonsa bisa al'ada. Mun samu sa hannun mai unguwa da dagaci, na kai takardu ofis, na koma sau biyar. Abin da ya rage shi ne awo, mai awo kuma sai an biya shi. Wannan ya fi katanga gaggawa, don maƙwabcin gona na arewa ya shigo da kunya uku a daminar bana. Mun yi magana da shi cikin mutunci a gaban mai unguwa, ya ce bai san iyaka ba, ya kuma janye. Ban ga laifinsa sosai ba, tunda babu abin da ke nuna iyakar.

Asusun makara da likkafani yana nan yadda yake, ba a taɓa shi ba. Tallafin karatun marayu an biya zango biyu, na uku bai samu ba.

Kwamiti na neman a taron Janairu a amince da fara biyan mai awo kafin komai, sannan a sake haƙa kudu kafin ruwa ya sauka. Muna kuma neman matasa biyu da za su zauna da Kawu da Gwaggo a kan kabari 16 da ba a gane ba. Gwaggo ta ce akwai sunayen yara da take tunawa in an bi ta a hankali, kuma tun sanyin nan ba ta jin daɗin jikinta. Mai bashin wata-wata ya kawo ko da rabi ne, ma'aji zai zauna da littafi tun ƙarfe 10 na safe.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamiti.