Ƙorafi Kan Kawunan Wayar Dish Da Ma'aikatanku Ke Ɗaurawa

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya haɗa mini dish,

Assalamu alaikum. Yallaɓai, na fito da maganar nan fili ne saboda na kai kuka shagonku, aka ce za a turo yaro, har yau shiru kake ji.

Gidan kallon ƙwallo gare ni a Kano. Wayar da kuka ja mini daga rufi zuwa dikoda RG6 ce, mai kaurin kusan milimita 7. Amma kan F ɗin da yaranku suka ɗaura mata, wato ƙarfen da ake sa wa bakin waya don a jona ta, na wayar RG59 ne, wadda kaurinta bai fi milimita 6 da ɗoriya ba. Da ya ƙi shiga, sai suka fere robar, suka datse ragar ƙarfen da ke ƙarƙashinta, suka cusa da ƙarfin tsiya, suka naɗe da salatif.

Ragar nan kuwa aiki take yi. Ita ke tsare sigina daga hayaniyar waje, kuma ta cikinta wuta ke kammala zagayenta. Ai kun fi ni sanin cewa ta wannan waya dikoda ke aika wa LNB, wato na'urar da ke gaban dish mai karɓar sigina, wuta, bolt 13 ko 18, kuma da wannan sauyin ake zaɓar rukunin tashoshi. Idan haɗin ya yi sako-sako, hoto ya dinga tsinkewa ke nan, wasu tashoshi su zo wasu su ƙi. Sili ɗaya na ragar ya taɓa jan ƙarfen tsakiya, komai ya ɗauke. Da damina ta sauka, rana ta riga ta busar da salatif ɗin, ruwa ya bi ya shige cikin wayar, kan ya yi tsatsa. Ana tsaka da wasa allo ya yi baƙi, 'yan kallo suka tashi suna neman kuɗinsu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, yaronku da na kira a waya bai ko hau rufin ba ya ce LNB ne ya mutu, ya sa na sayi sabo a wurinku. Wani mai gyara na unguwa ne ya kwance salatif ɗin ya nuna mini ɓarnar.

Ina so ku turo wanda ya san aiki, da kawunan RG6 irin waɗanda ake matsewa da abin matsi, ba na murɗawa da hannu ba, musamman a waje. Ku canja wayar da ruwa ya shiga, ku karɓi LNB ɗinku ku dawo mini da kuɗina. Rasit ɗin aikin haɗa dish da na LNB duk suna hannuna.

Wassalam,
Mai gidan kallo, Kano